Waiwaye: PowerPoint da maganar hoton da ke tsayawa a iska

Gab da Hajjin da ya wuce wani dattijon malami da muke sallah masallaci ɗaya a nan Shara Mansur, wanda ya daɗe yana yi wa alhazanmu bita in sun iso Makka, ya tare ni bayan Isha'i ya miƙo min jawwal ɗinsa. Bidiyo ne aka turo masa, hoton Ka'aba na juyi a iska a ƙofar wani shago ba allo ba komai a bayanta. Ya ce, "Ɗana, kai da ka san kwamfuta, PowerPoint ɗin nan da kake haɗa min darasi da ita za ta iya fito min da Ɗakin haka a tsakiyar zaure?" Dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne, ya ce tsofaffin da ke zuwa daga ƙauye in ka nuna musu hoto a shimfiɗe ba sa gane ina kusurwar Hajarul Aswad take ina Rukunul Yamani, kuma duk shekara sai an samu masu ratsawa ta cikin Hijir Isma'il suna zaton sun kewaye Ɗaki. Na ce Allah gafarta Malam, rabin abin da kake so za ta yi, rabin kuma ba aikinta ba ne ko kaɗan. Tun ranar nake son in rubuta yadda maganar ta faro, don na lura abubuwa kusan uku ne mutane suka cakuɗa suke ce musu hologiram.

Hologiram na ainihi ya girmi PowerPoint da shekara 40. Wani masanin kimiyya haifaffen Hangari mai suna Dennis Gabor ne ya gano dabarar a 1947 yana aiki a Ingila, kuma shi ba ma nishaɗi ne a gabansa ba, yana neman gyara madubin nan mai ganin ƙananan abubuwa ne. Sai dai lokacin babu hasken da ya dace, sai da aka ƙera leza a 1960 sannan Emmett Leith da Juris Upatnieks a Jami'ar Mishigan ta Amurka, da Yuri Denisyuk a Tarayyar Sobiyet, suka fito da hotunan da ke da zurfi da gaske, aka ba Gabor kyautar Nobel a 1971. Yadda ake yi shi ne a raba hasken leza biyu, ɗaya ya bugi abin da ake ɗauka ya dawo, ɗayan ya tafi kai tsaye kan faranti, to inda suka haɗu sai su bar wani zane siriri da ido ba ya iya rarrabewa, kuma zanen nan yana riƙe har da ɓangaren da haske ya fito, shi ya sa in ka karkata kai sai ka leƙo gefen abin kamar yana gabanka. Da yawanmu muna yawo da irinsa a aljihu, 'yar tantabarar nan mai ƙyalli da ke jikin katin Visa hologiram ce. Amma ka lura a jikin faranti take, ba ta tashi sama ba.

Wanda ke burge mutane a dandamali kuwa wani abu ne daban, kuma ya fi tsufa nesa ba kusa ba. A 1862 John Henry Pepper ya nuna shi a Landan bisa dabarar wani injiniya Henry Dircks, ana jingina babban gilashi a karkace tsakanin 'yan kallo da dandamali, a ɓoye ɗan wasa a ƙasa a haske shi da fitila mai ƙarfi, sai inuwarsa ta bayyana a gilashin kamar fatalwa tana tsaye cikin mutane. Duk wanda ya taɓa zama cikin bas da dare ya ga fuskarsa a taga tana shawagi kan titi ya ga wannan dabarar. Yanzu leda mai garai-garai ake shimfiɗawa maimakon gilashi, majigi ko allon fitilu maimakon mutum, da ita aka fito da mawaƙin Amurka Tupac a 2012 shekaru bayan mutuwarsa, da ita Narendra Modi ya riƙa bayyana a garuruwa da yawa lokaci guda a kamfen ɗin Indiya na 2014. A nan Saudiyya ma a farkon 2019 aka haska mawaƙiyar Masar Ummu Kulsum a Al'ula tana waƙa alhali ta rasu tun 1975, kuma a ganina daga nan ne kalmar ta cika bakin mutane a ƙasar nan. Hoto ne a shimfiɗe, duhu da nisa ne ke sa ido ya yarda.

To ita PowerPoint fa? Robert Gaskins da Dennis Austin suka haɗa ta a wani ƙaramin kamfani Forethought, ta fito a 1987 a kwamfutar Macintosh, baƙi da fari ce ma, aikinta a buga rubutu kan ledar nan da ake ɗorawa a majigin aji. A shekarar Microsoft ta saye kamfanin kan dala miliyan 14. Shekaru suka yi ta tafiya tana ƙara kala da sauti da bidiyo, ta 2007 ta zo da kwalliyar da ke sa rubutu da akwati su yi kamar suna da kauri da inuwa, wanda ado ne kawai. Canjin gaske sai 2017, lokacin da aka ba da damar saka samfurin 3D cikin shafi, wato abu cikakke mai gaba da baya da sama da ƙasa, ka kama shi da linzami ka juya yadda kake so, in ka haɗa da Morph, wato salon sauyawa daga shafi zuwa shafi, ka kwafi shafin ka juya samfurin a na biyun sai ya riƙa juyawa a hankali da kansa in ka matsa gaba. Yana karɓar fayil irin su glb da obj da stl, akwai fbx da amma an rufe shi a farkon 2024 saboda matsalar tsaro. Wannan yana aiki, na gwada ba sau ɗaya ba.

Abin da ba za ta iya ba shi ne fito da abin daga allo, kuma wallahi wannan ne nake ta fama in fahimtar da mutane. Allon kwamfuta ko bangon da majigi ke haskawa hoto ɗaya yake ba idon dama da na hagu, hoto ɗaya yake ba na gaba da na gefe, zurfi kuwa ba ya samuwa sai kowane ido ya ga nasa daban, abin da masanin kimiyya Charles Wheatstone ya nuna tun 1838. Manhaja tsara hoto take yi, fitar da haske aikin na'ura ne, ko ka sabunta ta sau nawa bango bango ne. Kamfanoni sun gwada ta wajen na'urar, talabijin mai tabarau ya yi tashe wajen 2010 amma zuwa 2017 manyan masu ƙerawa irin su Sony da LG sun daina. Microsoft da kanta ta nuna HoloLens a 2015, tabarau ne da ka sa sai ka ga abubuwa tsaye a ɗakinka, ita ma ta kira su hologiram ta ƙara rikita sunan, fitowar farko dala 3000 ta biyu 3500, kuma a 2024 ta daina ƙera shi. Ko da yana nan, mai sanye da shi kaɗai ke gani, malamin da ke gaban alhazai ɗari biyu me zai yi da tabarau ɗaya?

Bidiyon da aka turo wa Malam kuwa fanka ce. Fukafukanta jere suke da ƙananan fitilu, tana juyawa da gudu har ido ya daina ganin fukafukan sai hoton, kamar yadda yara ke wulwula itace mai wuta da dare ya zama zobe. Ana ganinsu a shaguna a Jidda da Riyad, bidiyo mai baƙin baya ake zuba musu, kuma nan PowerPoint na da ɗan amfani don za ka iya juya samfurinka kan baƙin shafi ka fitar da shi bidiyo ka ba fankar. Haka ɗan dalar robar nan da ake kifawa kan waya, hoto huɗu ake jerawa kan baƙin shafi kowane gefe ya ɗauki ɗaya, dabarar Pepper ce aka ƙanƙantar. Abin da ke ɓata min rai shi ne masu tallan da ke cewa suna da wani shafi na musamman da zai mai da laftof ɗinka hologiram, ɗalibanmu da ke jami'o'in Madina da Ummul Ƙura kuɗinsu ƙididdigagge ne, bai kamata a karɓe musu riyal kan baƙin shafi mai hoto huɗu ba.

Malam ya so sayen fankar, na ce ya dakata, hotonta ƙarami ne, a wuri mai haske dusashewa yake, na gefe ba ya gani sosai, ga tsofaffi da son matsowa su taɓa abu kuma fukafukan nan ba wasa ba ne. Muka nemo samfurin Ka'aba muka saka, na yi shafi shida, na farko daga sama yadda za a ga Hijir kamar rabin zobe a gefe, sannan ya sauko a hankali ya tsaya kan kusurwar Hajar, ya riƙa juyawa Ɗakin na hagun mai kallo har ya dawo Rukunul Yamani. Ranar bitar a zauren masauki muka kashe fitilun gaba muka haska a farin bango, da aka zo wajen Hijir Malam ya sa na tsayar ya ɗora sandarsa kan bangon yana nuna inda za a bi ta waje, wata tsohuwa daga sahun baya ta ce, "Malam, a sake juyo mana shi, ban ga ƙofar ba," na koma shafi na uku.