Kafin ku ce kada a sa wa Baba robar hanci

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Gombe, kuma a ɗakin da nake aiki babu maganar da ke tayar wa dangin majinyaci hankali kamar a ce za a sa masa robar ba da abinci a hanci. Da an faɗa sai fuskoki su canza, wani ya fita waje ya hau buga waya, wai jiki ya yi tsanani, a zo a gana. Kwanakin baya wani magidanci ya tare ni a bakin ƙofa, mahaifinsa na kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ya ce, "Sista, don Allah ku ƙyale tsohon nan ya huta. Ba ga ruwa nan ana ƙara masa ba?" Na ce, "Alhaji, zo mu duba ledar nan tare."

Ledar ruwan sukari da aka fi ratayawa rabin lita ce, sukarin cikinta giram 25 ne, wato kamar cokalin shayi shida. Wata ledar ma ruwa da gishiri ne kawai. Mutum mai nauyin kilo 60 da ke kwance yana buƙatar kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 1,500 zuwa 1,800 kullum, to ko leda huɗu aka ƙara masa a wuni, da ƙyar ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na wannan. Kuma babu abin gina jiki a ciki ko kaɗan. Idan aka ɗauki kwanaki a haka, jiki kan koma cin naman kansa. Mutum ya rame, rauni ya ƙi warkewa, gyambon kwanciya ya ɓullo a ƙugu da duga-dugai, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Robar siririya ce. Ta hanci take shiga, ta bi hanyar abinci ta sauka ciki, ba ta hana numfashi. Akwai rashin daɗi lokacin sa ta, ba zan ɓoye muku ba, amma na ɗan lokaci ne. Muna sa wa wanda ba ya cikin hayyacinsa, da wanda haɗiya ta gagara, da jaririn bakwaini da bai iya tsotso ba, a matso nonon uwarsa a ba shi ta nan, da yaron da tamowa ta kayar har ya kasa shan madarar asibiti. Kusan rabin masu shanyewar ɓarin jiki suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko, kuma da yawansu haɗiyar na dawowa cikin makonni a zare robar. Na sha ganin wanda ya sha kunu ta roba ya koma gida yana cin tuwo da hannunsa.

Abin da ya fi damuna shi ne cokalin dare. Mai jinya ta ga leɓen mijinta ya bushe, tausayi ya kama ta, ta faki ido ta ɗura masa kunu ko ruwa a baki. Na san ƙauna ce ta sa. Amma wanda haɗiyarsa ta lalace, abin da aka zuba masa kan zarce huhu, kuma wani ko tari ba zai yi ba balle a gane ya ƙware. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da sarƙewar numfashi, namoniya ta shiga. Mun rasa mutanen da ciwon da ya kawo su bai kai ya kashe su ba, ta wannan hanya. Idan zamzam ne ko ruwan addu'a kuke son ya sha, ku gaya mana, in babu matsala za mu nuna muku yadda za a ba shi ta robar. Bushewar baki kuma, a jiƙa tsumma mai tsabta a goge masa leɓe da harshe.

Abincin ba sai na gwangwani mai tsada ba. Kunun gero ko na masara da aka haɗa da waken suya da gyaɗa, a sa madara, dafaffen ƙwai ko kifi da aka niƙa, da ɗan mai, yana aiki sosai idan jami'in abinci na asibiti ya tsara adadin. Mai ciwon sukari ko na ƙoda nasa haɗin daban ne. Kunu tsararo shi kaɗai ba ya isa. A tace shi da kyau don kada ya toshe robar, a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, kuma kada a ba da wanda ya wuni a ajiye, nan gudawa ke farawa. Wanda ya daɗe bai ci ba, da kaɗan-kaɗan ake fara masa, domin cika masa ciki lokaci guda na iya rikita gishirin jininsa har ya taɓa zuciya. Kada ku ga kamar rowa muke yi.

In an koya muku bayarwa da kanku, ku wanke hannu da sirinji, ku ɗaga kansa da kafaɗunsa da matasai kamar mai kishingiɗa, ya zauna a haka aƙalla rabin awa bayan an gama. A zuba ruwa mai tsabta kafin abinci da bayansa, a bar kunun ya sauka a hankali, ban da dannawa da ƙarfi. Kada a daka ƙwayar magani a zuba sai an tambaya, wasu ba a daka su. Idan ya fara tari ko amai, ko cikinsa ya kumbura, a dakata a kira nas. Idan kuma robar ta zamo ko ya fizge ta, kada kowa ya tura ta ciki, domin tana iya faɗawa hanyar iska. Mu ma sai mun tabbatar tana cikin ciki kafin mu zuba ko ɗigon ruwa.

Shi dai Alhajin nan ya amince a daren. Washegari ƙanwarsa ta zo da fulas ɗin kunun gyaɗa da rariya, na zauna na koya mata yadda ake riƙe sirinjin.