Gyaran ƙwayoyin gado bai ɗauke mana gwajin jini kafin aure ba

'Yan uwa mazauna Makka, Jidda da Madina, tun da hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta amince da Casgevy, maganin sikila mai gyara ƙwayoyin gado, a watan Janairun 2024, iyaye suke tambayarmu ko an ga bayan cutar sikila ke nan. Ya kamata a san yadda aikin yake kafin a saki jiki.

Sikila gado ce. Harafi ɗaya ne ya sauya a rubutun DNA da ke tsara yadda jiki zai ƙera himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, shi ya sa jajayen ƙwayoyin jini suke lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. Dabarar CRISPR, wadda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana a 2012 har suka ci kyautar Nobel a 2020, tana laluɓo wuri guda a cikin DNA ta yanke shi daidai, kuma da ita ake aikin Casgevy.

Likitoci kan tara ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara su a ɗakin gwaje-gwaje domin su koma ƙera himogulobin irin na ɗan tayi, wanda ba ya lanƙwasa jini. Kafin a mayar masa da su, sai an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya share tsohon ɓargo, abin da kan kwantar da mutum makonni a asibiti, yana kuma iya hana haihuwa. Mai shekara 12 zuwa sama aka fara amincewa a yi wa, kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 kuwa dala miliyan 2.2 ne.

Abin da na fi so iyaye su riƙe shi ne, gyaran a jinin majiyyaci kaɗai ya tsaya, bai taɓa maniyyi ko ƙwan mace ba, saboda haka wanda ya samu sauƙi zai gadar wa 'ya'yansa ƙwayar sikila kamar da.

Tun 2004 Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasa gwajin jini kafin aure, kuma mazauna ma suna iya yinsa a asibiti. Idan saurayi da budurwa duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila amma ba su da cutar, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato cutar sikila, ko da 'ya'yan farko sun zo lafiya. Don Allah a yi gwajin kafin a sa rana, musamman a auren zumunci, sannan a kai wa likita sakamakon ya yi wa iyalai biyun bayani tare.