Rage tsadar ƙera kayan asibiti: ina injiniyan kwantiragi yake sa hannu?

Wane ne shi, kuma me ake ɗaukarsa ya yi?

Injiniyan injuna ne da masana'anta ke ɗauka na 'yan watanni saboda matsala guda: sirinjinta ko gadon asibitinta ya fi na China da Indiya tsada a kasuwa. Ya gano inda kuɗi ke zurarewa, ya toshe, ya kama gabansa. Dabarar ta daɗe, tun shekarun 1940 Lawrence Miles ya tsara ta a kamfanin General Electric na Amurka.

Wannan ba algus ba ne aka sa wa riga?

Mai algus kaya yake ragewa ya yi shiru. Injiniya kuwa kowane yanki zai ɗaga ya tambaya: mene ne aikinka a nan? Gadon da ke da noti kala shida, a mayar da shi kala biyu, ƙarfinsa bai ragu ba, amma mai haɗawa ya daina canja sifana kowane minti.

To ina kuɗin yake ɓuya?

Galibi a zane. Ɗauki jikin sirinji. Ana narka roba a tura ta cikin mazubin ƙarfe, sai a jira ta huce kafin inji ya buɗe, kuma wannan jiran shi ne ke cinye mafi yawan lokacin. Idan kaurin bangon ya ninka biyu, jiran yakan kusan ninkawa huɗu. Duk wanda ya san yadda janareta ke zuƙar gas a Sharaɗa ko Bompai, unguwannin masana'antu na Kano, ya san daƙiƙa ɗaya ba abin wasa ba ce a injin da ke aiki dare da rana. Sai kuma tsananta awo inda ba a buƙata. Inda robar turawa ke gogar bangon sirinji, dole awo ya zauna daidai, in ba haka ba magani ya yoyo. Amma wurin da yatsa ke riƙewa? Tsananta awo a nan ɓarnar kuɗi ce kawai.

Me zai hana a sayo roba mai araha a huta?

A nan sababbin shiga ke faɗawa rami. Robar da za ta taɓa jini ko magani sai an gwada ta bisa ISO 10993, ƙa'idar duniya ta gwada ko kayan asibiti zai cutar da jiki, kuma wata robar takan yi gautsi bayan an kashe mata ƙwayoyin cuta da hasken gamma. Tsarin ISO 13485 na kula da ingancin ƙera kayan asibiti ya wajabta a rubuta kowane canji, a gwada, a sa hannu, sannan ga kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da ta yi wa kayan rajista. Sau da yawa kuɗin gwajin ya fi ribar canjin, sai a bar shi.

Matashin da ya gama Jami'ar Bayero fa, ta ina zai fara?

Ya iya zane da SolidWorks, manhajar zanen injuna a kwamfuta, ya nemi rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya shiga masana'antar roba ko da ta bokiti ce ya tsaya gaban inji. Sannan ya leƙa ɗakin gyaran kaya na asibiti ya ga wane yanki ne ke fara karyewa.