Laftof ta ƙi caji: caja ce, batir ne, ko bakin caji?

Da zarar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na Samaru da Kongo, sun shiga rubuta furojet, wannan kukan ba ya yankewa.

Na jona, ko ƙyaftawa fitilar ba ta yi ba. Ta ina zan fara?

Ta bango. Sauya soket tukuna, sannan ka duba gajeruwar wayar da ke kawo wuta cikin caja, don takan tsinke ta ciki ba a gani, ga ta da arha. In duk lafiya, zare caja, cire batir idan mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, ka sake jonawa. Bakin cajin ma a leƙa shi, ƙurar hunturu kan toshe shi.

Na ari cajar abokina, bakin ya shiga daidai, amma shiru. Me ya sa?

Nan ne akasarin mutane ke asarar kuɗi. Juya cajarka ka karanta rubutun bayanta. HP da Dell yawanci 19.5V ne (V na nufin bolt), Lenovo 20V, Acer da Asus 19V. Sai ƙarfinta, 45W, 65W ko 90W. In ka ba na'ura mai neman 90W caja mai 45W, za ta iya kunnuwa amma batir ya ƙi hawa. Wadda ta fi ƙarfi ba ta da illa muddin bolt ɗin ya yi daidai, kwamfuta iya buƙatarta take ja.

Akwai kuma siririyar allura a tsakiyar bakin cajar HP da Dell masu zagaye. Ta nan kwamfuta ke gane cajar. In ta lanƙwashe ko ta karye, sai ka ga wuta na shiga, batir na tsaye cik. Na sha ganin an sayi sabon batir saboda allurar nan kaɗai. In za ka sayi caja a PZ ko Sabon Gari a Zariya, tafi da kwamfutar, ka ga lambar cajin batir ta hau kafin ka biya.

Tawa USB-C ce, cajar waya za ta yi?

Da wuya. Nemi mai tsarin PD (Power Delivery, tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C), 45W zuwa 65W, kuma ba kowane bakin USB-C ne ke karɓar caji ba.

Kullum in tana caji a kashi 60 ko 80 take tsayawa. Ta lalace?

Mai yiwuwa saitin kare batir ne. A manhajar Lenovo Vantage ko MyASUS ake kashe shi, ni dai da na bar shi.

Yaya zan san batir ne ya mutu?

Buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, ka kwatanta ƙarfin da batir ya zo da shi da wanda yake ɗauka yanzu. In ya yi ƙasa da rabi, ya gaji. In kuwa ya kumbura har yana ɗaga maɓallai, kar ka sake jonawa, zafin bazara ƙara masa haɗari yake.

Yaushe zan kai wa mai gyara?

Idan sai ka karkata waya take caji, ko ka ji ƙaurin ƙuna, ko ta ɗauke bayan janareta ya yi wasa da wuta. Ka ce ya auna cajar da mita a gabanka kafin ya kwance ko kusa ɗaya.