Ƙasa ba ta shanye komai

A garejojin Garuwa da shagunan wankin kwat na Marwa a Kamaru, an daɗe ana cewa duk abin da aka zubar a ƙasa, ƙasa ta shanye shi, an huta. Ba haka ba ne ga sinadaran wanke maiƙo masu ɗauke da kulorin, irin su TCE da PCE. Sun fi ruwa nauyi, sai su nitse har cikin ruwan da rijiyoyinmu ke jawowa, su yi shekaru aru-aru. Tururinsu kuma ya ratso ƙasa ya shigo ɗaki.

Masu iya karya su 'yan mitsitsin halittu ne, waɗanda muke yi wa kuɗin goro da sunan ƙwayoyin cuta. Akwai Dehalococcoides, wadda masana a jami'ar Cornell ta Amurka suka ware a 1997. Inda babu iskar shaƙa, tana cire kulorin ɗaya bayan ɗaya har a samu iskar etin, wadda ba ta da wannan guba. Ana zuba man girki ko ruwan rake a ƙasa don ciyar da waɗannan halittu, aikin ya yi ƙarfi.

Abin da ke damuna, ba ƙasar kowane wuri ke da wannan halitta ba. In aikin ya tsaya rabi, ɗaya daga cikin sinadaran da ke iya saura yana jawo ciwon daji na hanta.