Tanzanait: daga ina shuɗin nan nasa yake zuwa?

Wai mene ne tanzanait ɗin?

Dutsen ado ne, wani nau'i na ma'adanin da masana ke kira zoyisait, haɗin kalsiyam da aluminiyam da silikon. Zoyisait kam ana samunsa a ƙasashe da dama, kore ko ruwan toka, ba wanda ya damu da shi sosai. Shuɗin mai daraja a tsaunukan Merelani kaɗai ake haƙo shi, arewacin Tanzaniya kusa da Arusha, fili ne da bai wuce kilomita 7 a tsawo ba. A 1967 aka gano shi, kamfanin Tiffany na Amurka ne ya raɗa masa suna ya kai shi kasuwar duniya.

To me ya sa yake shuɗi?

Banadiyam ne, wani ƙarfe da ɗan kaɗan ɗinsa ke shiga ya zauna a gurbin aluminiyam, sai ya shanye wani ɓangare na hasken da ya ratsa dutsen ya bar shuɗi ya iso idonka. Amma fa yawancin abin da ke fitowa daga rami ruwan ƙasa ne, in ka gan shi a hannun mahaƙi ba za ka ce wani abu bane. Sai an gasa shi a zafi kamar digiri 500 zuwa 600 na ma'aunin Celsius sannan ruwan ƙasan ya gushe, kuma ba ya dawowa.

Kenan gasawar algus ce?

A'a, ni dai ban ga algus ba tunda ba rini aka zuba ba, kuma duk 'yan harkar sun san kusan kowane tanzanait da ke kasuwa ya sha wuta. Matsala sai in mai sayarwa ya ɓoye.

Me ya sa kalarsa ke canzawa in an juya shi?

Haske ba ya bin cikinsa iri ɗaya ta kowace fuska. Ɗanyen dutse ta nan shuɗi, ta can shuɗi mai sirkin ja, ta gefe na uku ja-ja mai duhu, shi ya sa mai yanka sai ya yi ta jujjuya shi kafin ya zaɓi fuskar da za ta kalli sama, don kuskure nan asarar kuɗi ce.

Ya kai shuɗin yakutu ƙarfi?

Ina! A ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin duwatsu da shi, yakutu 9 ne, tanzanait 6 zuwa 7, ga saurin tsagewa in ya bugu, don haka ya fi dacewa da ɗan kunne ko sarƙa akan zoben da za a riƙa sawa kullum.