Tsohuwar Ƙaramar Mota a Kano: Yadda Ake Auna Inganci da Darajarta

Tsohuwar ƙaramar mota, a bakin dillalai da makanikan Kano, ita ce motar ɗaukar mutum huɗu ko biyar, mai injin da yawanci ke tsakanin lita 1.3 da 2.0, wadda ta riga ta yi aiki a hannun wani kafin ta zo kasuwa. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a titunan birnin sun haura shekara 15 da ƙerawa, wasu ma sun doshi 30. Kasuwa ta raba su gida biyu. Akwai wadda aka shigo da ita daga waje ba ta taɓa hawa titin Nijeriya ba, ana ce mata Beljiyam, ko 'yar Kwatano, ko tokumbo kamar yadda mutanen kudu ke faɗa. Akwai kuma ta hannu, wadda aka riga aka mora a cikin gida. A Kano ba shekarun mota ne suka fi yanke darajarta ba. Abin da aka fi dubawa shi ne ko kayan gyaranta suna samuwa, ko makanikai sun san ta, da kuma ko takardunta sun cika.

Tarihi

Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, abin da ya sa motoci masu sitiyari a hagu, irin na Faransa da Jamus da Amurka, suka dace da titunan ƙasar. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Kano ta samu nata rabon ta fannin manyan motoci, inda aka kafa masana'antar harhaɗa motocin ɗaukar kaya ƙirar Fiat wajen ƙarshen shekarun 1970. A wancan zamani ma'aikacin gwamnati kan karɓi rancen mota ya sayi sabuwa dal, kuma Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, ta zama ma'aunin da ake gwada sauran motoci da shi a Arewa.

Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Daga nan kasuwar gwanjon mota ta buɗe. Motocin farko sun fi fitowa daga Turai ta tashar jiragen ruwa ta Antuwaf da ke Beljiyam, kuma daga nan ne ake jin sunan ya samo asali, har ya zama kowace mota ta waje Beljiyam ce ko da daga Amurka ta taso. Saboda sauƙin haraji a Jamhuriyar Benin, 'yan kasuwar Kano suka riƙa sauke kaya a Kwatano, a koro motocin ta Faraku da Malanbil, a haye kogi zuwa Gaya a Nijar, sannan a gangaro ta wajen Maraɗi a shigo ta iyakokin Katsina da Jigawa. Direbobi da yawa sun ci abinci a wannan hanya, suna tafiya a ayari, kowa da motar da zai kai wa ubangidansa.

Gwamnatoci sun sha taɓa wannan harka. An yi ta sauya iyakar shekarun motar da aka yarda a shigo da ita, ta taɓa kaiwa shekara 15 kafin a sake rage ta. Daga 1 ga Janairu, 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka ce sai ta tashar ruwa. An rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Wajen 2022 hukumar kwastan ta fara ƙiyasta haraji ta lambar shasi, abin da dillalai suka yi ta kuka da shi. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya ƙara tsuke tsohuwar hanyar Gaya. A shekarar ne kuma aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu, sannan naira ta sake faɗuwa. Sakamakon haka Beljiyam ta yi tsada ƙwarai, masu saye suka juya ga motocin hannu, ƙaramar mota mai ƙarancin shan mai kuma ta ƙara farin jini a kan manya.

Hana acaɓa a Kano a farkon 2013 bai maido da tasi kan matsayinta na da ba, domin a-daidaita-sahu ce ta cike gurbin. Ƙananan motocin haya sun fi aiki a kan hanyoyin da ke fita daga gari.

Ire-iren da aka fi sani

Volkswagen Golf ta uku, wadda aka fara ƙerawa a 1991 aka daina wajen 1997, doguwarta kuma ta ɗan ƙara shekara biyu, ita ce jakar hanya. A tashoshi irin su Unguwa Uku da 'Yankaba ana loda mata fasinja da kaya fiye da abin da maƙeranta suka yi tsammani. Injinta mai lita 1.6 ko 1.8 ba shi da sarƙaƙiya, giyar hannu ce a yawancinsu, kuma da wuya a je ƙauyen da ba a sami wanda zai iya taɓa ta ba. Rauninta yana wajen wayoyin wuta da suka tsufa, da maɓallan ƙofa da na gilashi. Wadda ta yi haya tana faɗuwa a farashi, ana gane ta da lotsewar baya da gajiyar kujeru.

Toyota Corolla, musamman ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2008 mai injin lita 1.8, ita ce ta fi riƙe kuɗinta. Tayimin ɗinta, wato abin da ke daidaita juyawar sassan inji, sarƙa ce, ba bel ba, don haka ba ya buƙatar canji a kai a kai. An san wasu injinan farko na wannan jerin da shan baƙin mai idan sun tsufa. Dillalai kan ce Corolla kuɗi ce a ajiye, domin ranar da mai ita ya so sayarwa ba ya rasa mai taya. Toyota Starlet, wadda aka daina yin tsohon samfurinta a 1999, har yanzu tana da masoya saboda ƙarancin shan mai.

Peugeot 206 da 307 suna da daɗin tuƙi, kuma sunan Fijo bai gushe da kwarjini a Arewa ba. Amma an san su da matsalar wuta, giyarsu ta otomatik tana da saurin fushi, ƙafar bayan 206 kuma kan buɗe idan boris ɗinta ya ci. Suna son makaniken da ya ƙware a kansu kaɗai. Honda Civic da Opel Astra na nan su ma, ba su kai waɗancan yawa ba.

Duban inji

Masu saye kan zo da nasu makanike, kuma sun fi son a je da sassafe kafin a tayar da motar, domin injin da ya ɗumama yana ɓoye aibinsa. Ana sauraron ƙarar farko: ƙwanƙwasa daga ƙasan inji alama ce ta cin metal, wanda gyaransa sai an sauke inji. Sai a koma bayan mota a kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna injin na ƙona baƙin mai, galibi ringi ne ya gaji. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba, wato gaskit ya ƙone. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Ana buɗe murfin baƙin mai: idan an ga wani abu kamar madarar da aka dama da ƙasa, ruwa ya haɗu da mai. Wasu masu sayarwa kan zuba mai mai kauri don ya danne ƙara da hayaƙi, shi ya sa ake zaro sandar awo a murza man a yatsa.

Zafi shi ne babban abokin gabar tsohuwar mota a Kano. Daga Maris zuwa Mayu yanayi kan haura digiri 40, ga cunkoso, ga ƙurar hunturu da ke toshe lagireto da matatar iska. Al'ada ce a garejoji a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an kunna mota. Makanikai da yawa suna ganin hakan kariya ce. Masu ƙera motoci kuwa sun yi injin ne don ya yi aiki a wani zafi na musamman, kuma injin da ba ya kaiwa wannan zafi yana ƙara shan mai. Ga mai saye dai, fankar da aka haɗa kai tsaye tana sa a tambaya ko motar ta taɓa tafasa. Ruwan lagireto mai launin tsatsa yana nuna an daɗe ana zuba ruwan rijiya zalla.

Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga wajen 2001, suna da kafar da ake jona kwamfuta a karanta laifuffukan inji. Masu wannan sana'a sun yawaita a Kano. Ana kuma lura da fitilar gargaɗin inji: ya kamata ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu idan inji ya tashi. Wadda ba ta kamawa sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne. Akwai kuma matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi saboda kamanninta. Tana da tsada don ƙarafan da ke cikinta, ana yawan cire ta a sayar, kuma rashinta yana rage kuɗin mota.

Giya da ƙafa

A giyar hannu ana duba kuloci, ko yana kamawa can sama, ko yana sulɓewa a hawa. A otomatik ana duba ko tana jinkiri ko fizga wajen canji, da launin manta da warinsa. Ƙafa kuwa sai an bi hanya mai gargada ake jin ta. Gyaran shokozoba da bushi ba shi da tsada idan aka kwatanta da inji, don haka ba ya hana ciniki, sai dai a rage kuɗi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta.

Bodi

Motar da ba a taɓa yi wa fenti ba, wadda dillalai ke cewa fes bodi, tana da daraja ta musamman a Kano, har wani ya gwammace fenti mai ƙuje-ƙuje na asali a kan sabo mai sheƙi. Dalili shi ne sabon fenti yana iya rufe hatsari. Ana ƙwanƙwasa jiki da yatsa ko a bi shi da maganaɗisu don gano inda aka cike da foti, a duba ko tazarar ƙofofi da bonet daidai take, a ɗaga kafet ɗin but a nemi alamar walda. Shasin da ya taɓa lanƙwashewa da wuya ya koma daidai, motar kan riƙa cin taya gefe guda. Busasshen yanayin Kano ba ya sa tsatsa sosai, saboda haka ruɓewar ƙasan mota kan nuna ta fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko ta daɗe a bakin teku. Motar da ambaliya ta taɓa shanyewa ana gane ta da warin danshi da laka a ƙarƙashin kujeru, kuma matsalar wutarta ba ta ƙarewa. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu ana gudunta.

Mita

Ba a cika dogara da mitar da ke ƙirga nisan tafiyar da mota ta yi ba, domin ana iya mayar da ita baya. Gogewar feda da sitiyari da kujerar direba sun fi faɗin gaskiya. Motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kimanin kilomita 1.6 ne.

Takardu

Lambar shasi ta zamani tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma dole wadda ke jikin mota ta yi daidai da wadda ke takarda. Takardar kwastan ita ce uwa: motar da ba a biya mata duti ba, ko aka biya rabi, ana iya kama ta a hanya ko da ta shekara goma a hannun mai ita. Sai takardar shaidar mallaka, da lasisin mota, da takardar lafiyar mota, da inshora, wadda mafi ƙarancinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. A cikin gari jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da na duba lafiyar motoci da na hukumar kiyaye haɗurra duk suna iya tsayar da direba. Idan an sauya inji ana son a ga rasit ɗinsa. A cinikin motar hannu ana rubuta yarjejeniya da shaidu, domin sayen motar sata ba tare da sani ba ya sha kai mutane ofishin 'yan sanda.

Farashi da dillanci

Ana baje motoci a filaye da ke bakin manyan tituna kamar titin Zariya, titin Maiduguri da titin Gidan Zu, yanzu kuma ciniki da yawa yana farawa ne da hoto a WhatsApp ko Facebook. Farashin Beljiyam yana bin dala da kuɗin kwastan, na motar hannu kuma yana bin na Beljiyam daga nesa. Mai saye kan aika a tambayo kuɗin inji da giya da sauran kayan gwanjo a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ya cire abin da gyara zai ci daga abin da zai taya. Motar da injinta ke jibge a shaguna ta fi wadda sai an yi odar kayanta daga Legas, ko da ta biyun ta fi ƙuruciya. Esi, wato na'urar sanyaya cikin mota, idan yana aiki yana ƙara kuɗi sosai, fari da ruwan azurfa kuma sun fi saurin fita saboda rana.

Dillali yana karɓar la'ada, wani lokaci daga ɓangarorin biyu, kuma mota ɗaya kan bi ta hannun dillalai uku kafin mai ita da mai saye su haɗu, kowa ya ɗora nasa. Ana taya, mai mota ya ce albarka, a ƙara, har a kai ga sallamawa. A fiƙihun Malikiyya mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, amma 'yan kasuwa da yawa suna sayarwa ne a kan sharaɗin yadda aka gan ta, kuma ana saɓani a kan iyakar abin da wannan sharaɗi yake ɗauke wa mai sayarwa.